Minti Goma Sha Biyar Kafin Hoda

Likitar fata ta ce in riƙa jira minti goma sha biyar. In matso man kariya daga rana a kan yatsu biyu, manuni da na tsakiya, tun daga tushe har ƙarshe, in shafe fuska da shi har kunne da wuya, sannan in zauna ya bushe kafin hoda ta hau kai. Idan na yi gaggawa, man da hodar sai su cakuɗe su riƙa murmushewa kamar dusa, abin da nake rufewa ya leƙo ta tsakani. Sau biyu na gwada yi mata wayo, sau biyun kuma na wanke na sake daga farko. Tun daga nan nake zama a bakin gado kowace safiya, ƙofa a kulle, fanka tana kaɗa mini fuska, ina kallon agogon waya.

Duk yinina babu lokacin da na tsana kamar wannan, domin a nan ne kawai nake zama da fuskata ba komai a kanta, ga madubi a gabana. A kan ƙashin kumatuna akwai tabo biyu, baƙi mai ratsin shuɗi irin na gindin tukunya. Na dama ya fi faɗi, ya miƙe har gefen ido. Fatar wurin ta yi kaushi, in na shafa sai in ji kamar akwai yashi a ƙarƙashinta. Shekara uku ke nan da fitowarsu, kuma in ban da likitar nan babu wanda ya taɓa ganinsu.

"Mama, dutsen guga yana ɗakinki."

Auta ce, 'yata, take buga ƙofa da tafin hannu kamar wadda ta zo kamun ɓarawo.

"Ki jira."

"Zan makara fa."

"Da kin goge kayanki tun jiya."

"Wai Mama ko shara za ki fitar sai kin yi kwalliya? Ni ce fa, ba kwastoma ba ce."

Na ja mayafi na rufe rabin fuska, na buɗe ƙofar daidai faɗin dutsen gugar, na miƙa mata ina kallon bango. Ta karɓa tana dariya, ta ce wata rana gobara za ta kama gidan nan a same ni ina neman soson hoda. Na ce mata in ta kama, ita zan fara turawa ta kashe da wannan bakin nata mai yawan ruwa.

Shekararta goma sha shida. Yayyenta maza biyu sun girma sun kama gabansu, babansu kuma ya rasu tun tana shekara biyar, saboda haka mu biyu ne a ɗaki biyu da falo a bene na uku. Baƙa ce, baƙi mai sulɓi wanda ko ƙurji bai taɓa zama a kansa ya kwana uku ba. Duk wanda ya gan mu tare sai ya ce babanta ta ɗebo. Ni kuma in yi murmushi in ce haka ne.

Aikina a shagon kayan shafa yake, a bakin babban titi, inda muke sayar da mai da turare da hoda da gashin kanti. Mai shagon kowa Madam yake ce mata. Gajera ce mai ƙiba, tana ɗora tabarau a ka ta yini tana zargin mutane da ɗauke mata shi. Abin da ya riƙe shagon ba turaren ba ne, wani mai ne da take haɗawa da kanta a sito, a cikin babban bokiti, tana juyawa da muciya. Mata suna kiransa haɗin Madam. Ba shi da takarda a jiki. Ni nake cika kwalabe, ni kuma nake rubuta ranar da aka haɗa a kan murfi da baƙin alƙalamin maka, saboda Madam ta ce rubutuna ya fi na kowa kyau. Ita kanta ban taɓa ganin ta lakaci haɗin nan ba, wai fatarta ba ta son wahala.

Ni na lakata. Na fara aiki wurinta Auta tana goye, sati na biyu ta miƙo mini kwalba ta ce mai sayar da kayan gyara ai sai a ga gyara a jikinta. Cikin wata biyu na yi haske, cikin shekara ɗaya har 'yan layinmu na dā sun daina gane ni. Ba zan ce tilasta mini aka yi ba, na ji daɗin abin sosai. Na ji daɗin yadda ake matsa mini a mota, da yadda mata suke shigowa su nuna ni da baki su ce wa Madam, "Irin wanda take shafawa za ki ba ni." Sai Madam ta ɗauke kujerata daga kantar ciki ta kawo ta jikin gilashin gaba, inda duk mai wucewa zai gan ni. A nan nake har yau. Maganar da nake yi musu kuma ba ta taɓa canzawa ba, ko a barci aka tashe ni zan faɗe ta:

"Ba shi da wata illa, 'yar'uwa. Kalli fuskata, shekara goma sha biyar nake shafa shi."

Lokacin da tabon ya fara fitowa na ɗauka man ne ya yi mini kaɗan, na ƙara yawa. Ya ƙara baƙi, na ƙara. Sai da na kai ba na iya fita ƙofar ɗaki ba hoda sannan na nemi asibitin da yake can wani gefen gari, inda ba wanda ya san ni. Likitar ta haska fuskar da fitila, ta ce man ne ya ƙona fatar tun daga ciki. Ta ce rana tana ƙara masa baƙi, ko da ta cikin gilashi ta shigo.

Na ce, "Zai tafi?"

Ta ce, "Zai iya raguwa. Ba zan yi miki alkawarin ya tafi duka ba. Wane aiki kike yi?"

Na ce ina tsaron shago. Ban ƙara ko kalma ba, ita ma ba ta tona ba.

Na daina shafawa a fuska kamar yadda ta tsara mini, a hankali, na sha ƙaiƙayi da ƙuraje wata biyu a ƙarƙashin hoda. Amma hannu da wuya har lokacin ina shafa musu, domin hannun da yake miƙa kwalba ba zai yi baƙi ba. Fuskar kuwa, da ta fara komawa launinta, sai na koma gina ta da hannu. Man rana a ƙasa, a jira ya bushe. Abin rufe tabo mai launin ruwan lemo a kan wuraren biyu. Fandeshin mai haske a kai, ana dannawa da soso, ba a gogawa. Sai hoda ta kama komai. Sau uku a rana nake wannan ginin, kuma na tsakar rana ya fi kowanne wuya.

Bayin shagonmu yana cikin sito, in ka tsuguna gwiwarka tana taɓa ƙofa. Idan azahar ta yi sai in shiga da jakata in sa sakata, in wanke komai tas, in yi alwala, in ja mayafi in yi salla a tsakanin kwalaye fuskata na kallon bango. Sannan in koma bayin in matso yatsu biyu in tsaya jira. Babu fanka a nan, da murfin kwali nake fifita. Warin bokitin Madam yana shigowa ta ƙarƙashin ƙofa, wani wari mai zaƙi da ɗan yaji, wanda na sani fiye da warin jikina.

"Wai kin faɗa ciki ne?" in ji Madam kullum, daga can gaba.

Hutun cin abincina a nan yake ƙarewa. A tsaye nake ci, a bayan kanta, loma ɗaya tsakanin kwastoma da kwastoma.

Wata rana na daure na same ta tana neman tabarau. Na ce, "Madam, da za a mayar da ni kantar ciki. Ranar yamma tana damun idona."

Ta ce, "Ke ce allon shagon nan. Wa kika taɓa gani ya kafa allo a sito?"

"To ko a sa labule."

"In sa labule su kalli me? Labulen?" Ta lalubo tabaran daga kanta ta sa, ta dube ni na ɗan lokaci. Sai ta ce, "Ki riƙa ƙara hoda a dama." Ta wuce abinta.

Ban san iyakar abin da ta sani ba, ban kuma tambaya ba. Na koma kujerata. Daga ƙarfe uku zuwa biyar rana tana cika gilashin nan, in ji ta tana cizon kuncina ta ƙarƙashin hawa huɗun da na ɗora. Na sha tunanin in ɗauki jaka in fice. Amma shekarata arba'in da uku, ban iya komai ba sai wannan, duk shagunan layin da fuskar nan suka san ni, kuma da kujerar nan nake riƙe da ɗakunanmu da makarantar Auta. Sai in gyara zama in yi wa mai shigowa murmushi.

A irin wannan yammar ce wata yarinya ta shigo da kayan makaranta, mai wushirya, tana ta waige-waige. Ta ce a ba ta haɗin Madam guda biyu.

Na ce, "Biyu duk ke kaɗai? Sha za ki yi?"

Ta yi dariya ta rufe baki. "Ɗaya nawa, ɗaya na ƙawata. Ita kunya take ji. Anti, wai da gaske ba ya ɓata fata?"

Na juyo mata da fuskata wajen haske na faɗa mata abin da nake faɗa wa kowa. Har na ƙara da cewa ta gaya wa ƙawar gyara ba abin kunya ba ne. Na lura kayanta irin na makarantar su Auta ne, amma 'yan makarantar nan sun fi dubu, ban sa komai a raina ba. Na saka mata kwalaben a leda na ɗaure.

Bayan kamar wata biyu, ina hawa bene da yamma, maƙwabciyarmu ta hawa na biyu ta tare ni tana shanya a baranda. Ta ce, "Maman Auta, yarinyar nan fa ta fara biyo ki. Jiya na gan ta sai da na sake kallo. Ashe hasken yana nan a ɓoye, girma yake jira."

Na yi mata dariyar yaƙe na wuce. Ni da nake ganin Auta kullum ban lura ba, saboda kullum hankalina yana kan kada ita ta lura da ni. Da muka zauna cin abinci na kafa wa hannunta ido. Ta miƙa hannu ɗaukar kofi, sai na ga bayan hannun ya yi haske, gaɓoɓin yatsun kuma sun tsaya da baƙinsu. Man ba ya cin gaɓa. Da wannan nake gane kwastomata tun kafin ta buɗe baki.

Washegari da ta shiga wanka na ɗauki tawul ɗinta na jiya na shinshina. Warin bokitin Madam ne. Na zazzage jakar makarantarta, na same shi a cikin safa, an ci rabi. A kan murfin ga kwanan wata da baƙar maka, da lamba bakwai irin rubutuna, mai gajeriyar sanda a tsakiya. Na zauna a ƙasa da kwalbar a hannu, yarinyar nan mai wushirya ta dawo mini, da ledar da na ɗaure da hannuna.

Na bari sai da na dawo daga aiki. Na ajiye kwalbar a kan tebur na ce, "Mene ne wannan?"

Ba ta yi kame-kame ba. Ta ce, "Mai ne."

"Na ga mai ne, ai ban makance ba. Wa ya ce ki shafa?"

"Ke kika ce ba shi da illa."

"Yaushe na ce miki?"

"Mama, tun ina firamare nake zama a kan kwali a shagonku ina jiran ki tashi. Na haddace. Kalli fuskata, shekara kaza nake shafa shi." Har muryata ta kwaikwaya, da yadda nake karkatar da kai.

Na ce, "Wannan maganar kasuwa ce."

"To ƙarya kike yi musu?"

Sai na koma faɗa, wanda shi na fi iyawa. Na ce yarinya ce, fatarta ba ta yi ƙwari ba. Na ce karatu aka tura ta ba kwalliya ba. Na ce mata nawa suke neman irin fatarta ba su samu ba.

Ta ce, "Su wa? Ni ban taɓa ganin wadda ta shigo shagonku ta ce a ba ta man da zai mayar da ita kamar ni ba." Idonta ya kawo ruwa amma ba ta bari ya zubo ba. "Ranar da kika zo makarantarmu, 'yan ajinmu tambayata suka yi wai ke kika haife ni. Wata ta ce ko riƙona kike yi. Ke an haife ki da naki, kina ƙarawa. Ni da ban samu ba sai ki hana ni?"

Ni na gaya mata haka, tun tana ƙarama, cewa da haskena aka haife ni, man kuma sheƙi kawai yake ƙara mini. Hotunan dā kuwa na daɗe da tura su ƙasan akwati. Na ɗauki kwalbar na kwashe man da cokali na zuba a masai na kora ruwa. Na ɗauko sabuwar robar man rana da nake ajiya na ba ta, na ce in gyara take so ga gyara nan. Ta juya robar ta karanta ta ce, "Wannan ai ba ya sa haske," ta ajiye a kan firji. A nan ya zauna.

Bayan sati biyu warin ya dawo jikin tawul. Na bincike jaka, na ɗaga katifa, na duba cikin takalma, ban samu ba. Na ƙwace wayarta kwana uku. Na ce zan kira yayanta, ta ce in kira, ta san shi ma matarsa a wurina take saye. Muka koma gaisuwa kawai, ta ajiye mini dutsen guga a bakin ƙofa ba tare da ta buga ba. Ni kuma kowace safiya in kulle ƙofa in zauna da yatsuna biyu, ina kallon tabon a madubi ina lissafin shekarun da suka rage mata kafin nata ya fito. Na san abu ɗaya ne zai tsayar da ita, kuma yana nan a gabana cikin madubin. Tsoro nake ji. Yarinyar nan tun tana rarrafe take kallona kamar ba mace a duniya sai ni, kuma ban san da wane ido za ta kalle ni bayan ta gani ba. Na fi wata ina ɗaga abin daga yau zuwa gobe, ita kuma tana ƙara haske.

Ranar da ba a buɗe shago, wajen sha biyun rana, tana kwance a ƙasan falo tana karatu. Ta ɗaga kai za ta gyara ɗankwali, sai na ga gefen goshinta ya yi ja, fatar ta yi laushi tana ƙyalli, har wata siririyar jijiya ta fito. Haka nawa ya fara. Na shiga ɗaki na ɗauko roba da ruwa da sabulu da auduga. Na je na zuge labulen falo, wanda ban yarda a zuge shi ba shekara uku. Rana ta shigo har tsakiyar tabarma.

Na ce, "Auta, ajiye littafin nan."

Ta tashi zaune tana kallona da fuskar wadda ta shirya wa wani faɗan. Na zauna a gabanta cikin hasken, na jiƙa auduga da mai. Na fara da dama. Shafa ta farko ta kwashe hoda, ta biyu ta fito da fandeshin, ta uku audugar ta yi ruwan lemo. Ban tsaya ba. Na yi hagu, na yi goshi da haɓa, sannan na sunkuya a kan robar na wanke da sabulu, ruwan ya koma kamar shayi da madara. Na goge da gefen zane na ɗago.

Ba ta yi ihu ba. Ta dai buɗe baki kaɗan, idonta yana tafiya daga kunci zuwa kunci, ya sauka wuyana inda haske ya tsaya, ya sake hawa.

Ta ce, "Wa ya yi miki haka?"

Na ce, "Ni."

Na zaro hoton da na ɓoye a cikin zanena na miƙa mata. Ni ce a tsaye jikin wata mota, kafin aure, da littafi a hannu. Ta riƙe shi da hannu biyu ta daɗe tana kallo. Ba sai an gaya mata ba, fuskarta ce a ciki, goshin da hancin da baƙin duka.

Na ce, "Ni kika biyo. Babanki ba abin da kika ɗauko nasa sai kunne da taurin kai."

Na so ta yi dariya, ba ta yi ba. Ta matso ta ɗora yatsa ɗaya a kan tabon dama, a hankali, ta shafa kaushin. Tun rasuwar babanta ba wanda ya taɓa mini fuska in ba likita ba. Na ji hawayena yana bin hannunta, na ƙyale shi tunda yau babu abin da zai ɓata.

"Yana ciwo?"

"In rana ta dake shi yana zafi."

"Zai warke?"

"Likita ta ce zai iya raguwa."

Ta tashi ta shiga kicin. Na ji tana jan tukwane, ta fito da kwalba daga cikin babbar tukunyar da ba ma girki da ita, ta ajiye a tsakaninmu. Bakwai ɗina mai sanda yana kan murfin.

Ta ce, "Tun yaushe kika sani?"

"Shekara uku."

"Shekara uku kina ce musu su kalli fuskarki."

Na ce jibi zan kai ta wurin likitar, domin ba a daina shi rana ɗaya. Ta gyaɗa kai. Sannan ta je ta ja labulen ta rufe, ta ce, "Rana tana dukan ki."

Washegari da safe ban kulle ƙofa ba. Na matso man a kan yatsu biyu na shafa, na kunna fanka na zauna. Ta shigo cikin kayan makaranta, da robar nan ta kan firji a hannu, ta zauna kusa da ni a bakin gado. Ta miƙo manuni da na tsakiya, na nuna mata iyakar inda ake kaiwa, na ce kada ta manta kunne. Muka zauna mu biyu fuska tana maiƙo muna kallon madubi. Karo na farko ke nan da minti goma sha biyar ɗin bai yi mini tsawo ba.

Da lokaci ya cika na jawo jakar kwalliya. Motar ƙarfe bakwai ba ta jiran kowa, Madam ma haka. Na ɗiga mai ruwan lemon a kan dama na fara dannawa, Auta tana kallon tabon yana ɓacewa kaɗan kaɗan. Ba ta ce in bari ba. Sai da na ɗauki soson fandeshin ta yi magana, idonta a kan nawa ta cikin madubi.

"Mama, kin tuna ƙawata mai wushirya, wadda ta sayo mini man a wurinki?"

Na ce na tuna.

"Nata ya ƙare. Ta ce yau in an tashi za ta zo shagonku ta sayi wani." Ta rataya jakarta a kafaɗa ta tsaya a bakin ƙofa. "Na ce mata ta jira ni. Tare za mu zo."

Na ji saukarta a bene, hawa uku, har ƙarar ƙofar ƙasa. Ƙarfe huɗu ake tashinsu, daidai lokacin da rana take cika gilashin, Madam kuma tana zaune a bayana. Na dubi soson da ke hannuna, rabin fuskata a rufe, rabi a buɗe. Na ci gaba da dannawa.